Joyce Banda: Daga Ɗinkin Tufafi Zuwa Shugabancin Malawi

Ran 7 ga watan Mayu na shekarar 2012, wata guda cif bayan da aka rantsar da Uwargida Joyce Banda a matsayin shugabar ƙasar Malawi, babban bankin ƙasar ya ba da sanarwar karya darajar kuɗinsu, wato kwacha. Dalar Amurka guda da bankuna ke sayarwa a kan kwacha 168 sai ta wayi gari tana kwacha 250. Shugaban da ta gada ya daɗe yana ƙin ɗaukar wannan mataki, amma ita da ta fara neman na kanta da ɗinkin tufafi ba ta yi wata-wata ba. Matakin ya dawo da man fetur gidajen mai, ya kuma buɗe ƙofar rance daga ƙasashen waje. Sai dai bayan shekara biyu jama'ar Malawi suka juya mata baya a akwatin zaɓe.

An haifi Joyce Hilda Mtila ran 12 ga watan Afrilu na shekarar 1950 a ƙauyen Malemia da ke gundumar Zomba, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin Ingila ana kiranta Nyasaland. Mahaifinta ɗan sanda ne da ya yi suna a ƙungiyar badujala ta 'yan sanda. Ta soma aiki a matsayin sakatariya, ta yi aure tana da ƙuruciya, har ta zauna da mijinta a birnin Nairobi na ƙasar Kenya. Auren bai yi daɗi ba saboda muzgunawar da ta sha faɗin cewa ta fuskanta, don haka ta fita da 'ya'yanta uku. Daga baya ta auri Mista Richard Banda, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Malawi. A wurinsa ta samo sunan Banda, domin ba ta da dangantaka da Dakta Hastings Kamuzu Banda wanda ya mulki ƙasar daga 1964 zuwa 1994.

A shekarar 1985 ta kafa kamfanin ɗinkin tufafi mai suna Ndekani Garments. Ta ƙara da Akajuwe Enterprises a 1992, sannan gidan burodi na Kalingidza a 1995. Waɗannan sana'o'i ne da ake cin riba kaɗan-kaɗan a cikinsu, inda mai shi zai riƙa lissafin yadi da zare da fulawa da albashin ma'aikata kowace safiya. A nan ne ta ga yadda matan ƙasarta ke fama wajen neman jari, kasancewar yawancinsu ba su da fili ko gida da sunansu wanda za su jinginar wa banki.

Ganin haka ya sa a shekarar 1990 ta kafa Ƙungiyar Mata 'Yan Kasuwa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NABW. Aikin ƙungiyar shi ne koya wa mata dabarun ciniki da ajiye lissafi, da kuma sama musu ƙananan rance. Wannan aiki ya kai sunanta wajen ƙasar, har a shekarar 1997 ƙungiyar Hunger Project ta ba ta lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa, tare da Shugaba Joaquim Chissano na Mozambik. A wannan shekara ce ta kafa gidauniyarta mai kula da makarantu da marayu.

Matan da ta taimaka wa a ƙauyuka su ne suka zama jarinta lokacin da ta shiga siyasa. Ta wakilci mazaɓar Zomba Malosa a majalisar dokoki, kuma a shekarar 2004 Shugaba Bingu wa Mutharika ya ba ta ma'aikatar kula da harkokin mata da yara, inda ta tsaya kai da fata har aka zartar da dokar hana cin zarafi a cikin gida a 2006. Daga nan ta riƙe ma'aikatar harkokin waje har zuwa 2009, kuma a zamaninta ne Malawi ta yanke hulɗa da Taiwan ta ƙulla da ƙasar Sin. A zaɓen 2009 Mutharika ya ɗauke ta mataimakiya a jam'iyyar DPP, suka kuma yi nasara.

To amma tafiyar ba ta yi nisa ba. Shugaban ya so ƙanensa, Farfesa Peter Mutharika, ya gaje shi, ita kuwa ta ƙi goyon baya. A watan Disamba na 2010 aka kore ta daga jam'iyyar, sai dai tsarin mulki bai ba da damar tsige ta daga muƙaminta ta wannan hanya ba. Ta ci gaba da zama mataimakiyar shugaba, ta kuma kafa jam'iyyarta ta PP a 2011.

A wannan lokaci tattalin arzikin Malawi ya shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Ƙasar ba ta da gaɓar teku, ganyen taba ne ke samar mata da mafi yawan kuɗaɗen musaya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗinta daga masu ba da agaji yake fitowa. Gwamnati ta ƙayyade farashin dala ta ƙi bari ya motsa, alhali a kasuwar bayan fage ana sayen ta kusan ninki biyu. Sakamakon haka dala ta ɓace daga bankuna, masu shigo da mai suka kasa biyan dillalansu, motoci suka riƙa kwana a layi. A watan Afrilu na 2011 gwamnati ta kori jakadan Ingila, Ingila kuma ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi. A zanga-zangar watan Yuli na wannan shekara mutane kusan 20 suka rasa rayukansu.

Ran 5 ga watan Afrilu na 2012 Shugaba Mutharika ya rasu sakamakon bugun zuciya. Wasu ministoci suka yi ƙoƙarin ɓoye labarin domin su kauce wa miƙa mata mulki, amma babban hafsan sojoji, Janar Henry Odillo, ya tsaya kan tsarin mulki. Aka rantsar da ita ran 7 ga wata, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Malawi.

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san cewa kayan da aka tilasta sayarwa ƙasa da farashinsu ba sa daɗewa a kanta. Da wannan ido ta dubi matsalar dala. Tashi daga 168 zuwa 250 na nufin kwacha ta rasa kashi ɗaya cikin uku na darajarta, amma ga mai shigo da kaya tsadar dala ta ƙaru da kusan rabi: wanda ke buƙatar dala 10,000 don sayo yadi, a da zai nemi kwacha miliyan 1.68, yanzu kuwa sai miliyan 2.5. Manomin taba, wanda ake yi wa ciniki da dala, shi ya samu sauƙi. Kazalika aka bar kasuwa ta riƙa yanke farashin kuɗin, aka kuma ɗaure farashin mai da na kasuwar duniya. 'Yan kasuwar Nijeriya da suka ga abin da ya samu naira a 1986 da kuma 2023 sun san ɗacin irin wannan magani.

Ƙasashen waje sun yi na'am. A watan Yuli na 2012 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen sama da dala miliyan 150 na shekara uku, Amurka kuma ta maido da tallafin dala miliyan 350 na gyaran wutar lantarki. Shugabar ta rage albashinta da kashi 30 cikin 100, a 2013 kuma aka sayar da jirgin saman shugaban ƙasa kan dala miliyan 15. A cikin gida kuwa talaka ya ji jiki, domin hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a farkon 2013. Masu sayayya suka yi zanga-zanga a watan Janairu, ma'aikatan gwamnati suka tafi yajin aiki a watan Fabrairu.

Da a ce jama'a sun tabbata cewa wahalar da suke sha ana tattalin ribarta, wataƙila da sun jure. Sai ga shi a watan Satumba na 2013 an harbi daraktan kasafin kuɗi, Mista Paul Mphwiyo, a ƙofar gidansa da ke Lilongwe, ya tsira da munanan raunuka. Binciken da ya biyo baya ya bankaɗo badaƙalar da aka yi wa laƙabi da Cashgate: jami'ai suna shiga na'urar biyan kuɗi ta gwamnati, su biya kamfanonin da ba su kawo kayan komai ba, sannan su goge shaidar. Kamfanin masu binciken kuɗi na Baker Tilly ya gano cewa kimanin dala miliyan 30 sun salwanta cikin wata shida kacal. Uwargida Banda ta rushe majalisar ministocinta a watan Oktoba, aka kuma gurfanar da mutane da dama gaban shari'a. Duk da haka masu ba da agaji suka riƙe kusan dala miliyan 150. Ta sha musanta cewa tana da hannu a ciki, tana mai cewa ɓarnar ta girmi gwamnatinta, kuma ita ce ta bari aka tona. Amma ga mai jefa ƙuri'a, a hannunta makullin baitulmali yake lokacin da aka yi satar.

A zaɓen 20 ga watan Mayu na 2014 ta zo ta uku da kashi 20 cikin 100 na ƙuri'u, bayan Peter Mutharika mai kashi 36 da Lazarus Chakwera mai kusan kashi 28. Ta yi yunƙurin soke zaɓen bisa zargin maguɗi, kotu ta hana, daga bisani ta amince da sakamakon. Ta bar ƙasar har kusan shekara huɗu, ta dawo a watan Afrilu na 2018. Ta sake tsayawa takara a watan Satumba na 2025, inda Peter Mutharika ya kuma yin nasara.

Matsalar da ta tarar ba ta kau ba, domin an sake karya darajar kwacha da kashi 25 cikin 100 a 2022, da kuma kashi 44 a watan Nuwamba na 2023. Muddin ƙasa na sayo fiye da abin da take sayarwa, gyaran farashin kuɗi ɗan sarari kawai yake bayarwa. Ciniki yana tsayawa ne kan abu biyu, sanin farashin gaskiya da tsare akwatin kuɗi. Uwargida Banda ta cika na farko cikin kwana 30, amma na biyun ya kuɓuce wa gwamnatinta, kuma a kansa ne jama'ar Malawi suka yi mata hisabi.