Karatu Ana Tafe

Yara da yawa suna koyon baƙaƙe a aji, amma da an tashi makaranta ba su ƙara ganin rubutu sai gobe, domin babu littafi a gidajensu. Akwai dabarar kai littafi waje inda yaran suke.

A shekarar 2007 wata ma'aikaciyar lafiya, Anne Ferguson, ta ƙago ta a garin Montpelier na Jihar Vermont a Amurka, tare da ɗakin karatu na Kellogg-Hubbard. Sunanta StoryWalk. Akan sami kofe biyu na littafin labari mai hotuna, tun da kowace takarda rubutu ne gaba da baya. Sai a warware shafuffukan, a rufe kowanne da leda, a manna su a turaku jere bisa hanya, da ɗan rata tsakani. Yaro ya karanta shafi ɗaya, in yana son jin yadda Gizo ya ƙare da Ƙoƙi, tilas ya taka zuwa na gaba.

Gari kamar Rijau, a ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, ba sai ya jira lambun shaƙatawa ba. Filin makarantar firamare ya isa, ko inuwar itatuwa a hanyar kasuwa. A zaɓi gajeren labari na Hausa, a kafa turakun daidai tsayin yaro, a shafa musu baƙin mai saboda gara. Kakar da ba ta yi boko ba ma tana da nata aikin: jika ya karanta mata, ita kuwa ta tambaye shi abin da ke cikin hoton. A riƙa sauya labarin wata-wata, kada ya gundure su.