Chocotorta: Kek Ɗin Ajantina Da Ba A Gasawa, Da Yadda Za Ku Haɗa Shi Da Kayan Da Ke Kusa Da Ku

Yau dai mun ɗan ajiye hirar fim da waƙa, za mu leƙa kicin. Dalili kuwa, ranar Asabar ƙawayena suka zo kallon fim na fito musu da wani kek, har fim ya ƙare ba wadda ta yarda cewa ban kunna oven ba. To ga bayanin nan kowa ya amfana.

Sunan abin chocotorta, daga ƙasar Ajantina ya fito. A can da wuya a yi bikin zagayowar ranar haihuwar yaro ba a gan shi a tebur ba. Ya yi suna ne a 1982, lokacin da wata mai tsara tallace-tallace, Marité Mabragaña, ta haɗa kayan kamfanoni biyu a talla ɗaya: biskit ɗin cakulan mai suna Chocolinas da cuku mai laushi na Mendicrim. Na ukunsu shi ne dulce de leche, wato madarar da aka dafa da sukari har ta yi kauri ta koma ruwan ƙasa. Kaya uku ke nan, sai kofi da ake tsoma biskit a ciki.

Matsalar ita ce ko 'yan Ajantina da ke zaune a Turai suna shan wuya kafin su samu waɗannan kayan, balle mu. Amma abin da na gane bayan na yi asara sau biyu shi ne, ba sunan kamfani ke yin kek ɗin ba. Kowane ɗaya cikin ukun nan yana da aikinsa. In kin san aikin, kin san abin da zai maye gurbinsa.

Mu fara da biskit. Chocolinas siriri ne, busasshe, ba shi da kirim a tsakiya, kuma zaƙinsa bai yi yawa ba. Aikinsa ya sha danshi a hankali har ya yi laushi kamar kek ɗin da aka gasa. Saboda haka ki nemi busasshen biskit na cakulan. In Oreo ko Bourbon kika samu, ki raba su ki kankare kirim ɗin tsakiya, don in kika bar shi zaƙi zai gundure ki tun a cokali na biyu. In kuma farin biskit irin Marie ne kawai a shagon unguwarku, ba laifi, ki zuba garin cakulan marar sukari cokali biyu a cikin kofin da za ki tsoma shi. Kalar ba za ta yi duhu sosai ba, amma ɗanɗanon zai zo kusa.

Na biyu dulce de leche, kuma a nan na fara yin asara. Na ɗauko madarar ruwa ta gwangwani irin wadda muke zubawa a shayi, na dafa na dafa, ko alamar kauri babu. Ashe ba ita ba ce. Wadda ake so ita ce madara mai kauri mai sukari, wadda in kin ɗaga cokali take bin sa kamar zuma. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu saninta, a gwangwanin za ki ga an rubuta lait concentré sucré. Sukarin da ke cikinta ne ke haɗuwa da sinadarin madarar in zafi ya daɗe a kansu, shi ke kawo kalar da ƙamshin.

Mutane da yawa suna dafa gwangwanin a rufe cikin ruwa na awa biyu zuwa uku. Yana yi, amma don Allah ku kula: dole ruwa ya shanye kan gwangwanin tun daga farko har ƙarshe, in ya ƙone ya bar shi a fili zai iya fashewa. Kada a yi da gwangwani mai zoben buɗewa a sama, kuma kada a fasa shi sai ya huce sarai. Ni dai na fi natsuwa da ɗaya hanyar. Ki juye madarar a tukunya mai kaurin gindi, wuta ƙasa-ƙasa, ki yi ta juyawa ba tsayawa har ta yi ruwan ƙasa. In kika ja cokali kika ga gindin tukunya kafin ta haɗe, ta yi. Ki bari ta huce, za ta ƙara kauri.

Na uku cuku. Kada hankalinki ya tafi kan wara ko busasshen cuku, wannan mai laushi ne kamar man shafawa a burodi, da ɗan tsami. Tsamin nan shi ne ke karya zaƙin madarar. In kina da halin sayen Philadelphia a babban kanti, ki ƙara masa yogot cokali biyu ko uku, don ya fi na Ajantina tauri. In babu, ga hanya mai sauƙin kuɗi: ki samu yogot marar sukari ko kindirmo mai kyau kamar lita ɗaya, ki juye a tsabtataccen farin ƙyalle a kan rariya, ki sa kwano a ƙasa, ya kwana a firji. Da safe ruwan ya tsiyaye, saura mai kauri. Asarata ta biyu ke nan, na yi gaggawa ban tace ba, washegari na tarar da kunu a roba.

Awon ba wuya. Madarar da kika dafa da cukun daidai wa daida, kamar giram 400 kowanne, biskit kuma wajen giram 500. Ki gauraya su har su zama kala ɗaya, ki ɗanɗana. In zaƙi ya yi yawa ƙara cuku.

Sai jerawa. Ki haɗa kofi ki bari ya huce, in yara za su ci ki yi da madara. A can wasu na tsomawa a giya, mu ba ruwanmu da wannan, kuma ba abin da ya rage. Ki tsoma biskit ɗaya-ɗaya, tsomawa ɗaya ki cire, kada ya jiƙe. Ki jera a roba mai kusurwa huɗu har ya rufe ƙasan, ki shafa haɗin a kai, ki sake jera biskit. Hawa huɗu ko biyar ya isa, na ƙarshe ya zama haɗin. Ki barbaɗa garin cakulan ko dakakken biskit, ki rufe.

Abin da ya rage haƙuri ne. Aƙalla awa shida a firji, in ya kwana ya fi, don a lokacin ne biskit ke yin laushi, haɗin kuma ya kama jikinsa har a iya yankawa. In wutarku ba ta da tabbas, ki sa robar a kula ki kewaye ta da ƙanƙara. Kayan madara ne, kada ki bar shi a zafi, kuma a cinye cikin kwana biyu zuwa uku.

Maza ma ba a bar ku a baya ba, wannan ko gwauro zai iya. Wanda ya gwada da kindirmo ya faɗa min yadda ya fito masa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.