Gwal ya yi nisa: yadda ƙarfen ado ke sauyawa a lefen Gaya da Ajingi

A garuruwan Gaya da Ajingi da ƙauyukansu, da zarar an kammala kaka an kai amfani rumbu, sai hidimar aure ta kankama. Ranar kai lefe gwaggwanni da ƙannen uwa kan baje akwatuna a tsakar gida, a ƙirga atamfa da leshi da mayafai, sannan a zo kan ɗan ƙaramin akwatin sarƙa. Wata dattijuwa za ta ɗora sarƙar a tafin hannu ta jinjina nauyinta, ta juya maɗaurin tana neman hatimi. A da, gidan da ke da hali kan sa ko da 'yan kunne da zobe na gwal. A 'yan shekarun nan abin da ya fi yawa a akwatin shi ne sarƙar GL da ta fashon, wato jan ƙarfe ko tagulla da aka yi wa ruwan gwal, sai ƙarfen da ba ya tsatsa, sai azurfa jifa-jifa.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Turai da Amurka, inda zoben daimon ne alamar baiko, masu ƙaramin ƙarfi suna barin gwal da filatinom suna komawa ga ƙarafa masu sauƙin kuɗi irin su titaniyom, har daimon ɗin ma ana sayen wanda aka haɗa a masana'anta. Sai dai a wurinsu magana ce ta ado da alama. A wurinmu ta wuce nan, domin gwal ɗin mace asusunta ne.

Babban dalilin sauyin shi ne farashi. A watan Agustan 2020 oza ɗaya ta gwal, wato giram 31 da 'yan kai, ta haura dala 2,000 a kasuwar duniya. A Maris na 2025 ta haura dala 3,000, a Oktoban shekarar kuma ta wuce 4,000. Ana cikin haka darajar naira ta zube: bayan sakin kasuwar canji a Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Idan aka haɗa biyun, giram ɗaya na tsantsar gwal da ke wajen naira 30,000 a 2020 ya haura 190,000 a ƙarshen 2025. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne, ke nan albashin wata biyu ba ya sayen giram guda. Manomin gero da dawa da gyaɗa a Ajingi, wanda ke auna komai da buhu, ya riga ya sayi taki da tsada bayan cire tallafin mai, sannan hatsi ya karye masa a 2025.

Dalili na biyu shi ne kayan kwaikwayo sun yi kyau sun kuma yi yawa. Ana shigo da su daga Sin da Indiya da Dubai, su sauka a kasuwannin birnin Kano irin Sabon Gari da Rimi, daga nan 'yan koli da dillalai mata su bi da su Wudil har cikin gidajen Gaya. A hoton waya ba mai bambance su da na gaske, kuma bikin yanzu rabinsa hoto ne. Na uku tsoro ne: wadda ma ke da gwal takan adana shi ta sa na fashon zuwa taro, don gudun ɓarayi da masu fizge.

Sauyin yana da alherinsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Ya sauƙaƙa wa samari aure. Addini bai wajabta lefe ba, sadaki ya wajabta, kuma mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinare ne, wato giram ɗaya da ɗan ɗoriya na gwal, ko dirhami uku na azurfa. Saurayin da ya cika wannan, ya haɗa sutura daidai ƙarfinsa, ya sauke nauyi. Gara amarya ta tare da sarƙar naira dubu biyar da ta shiga gidan da bashi ya riga ta shiga. Dillalai mata su ma sun samu sana'a da ɗan jari kaɗan.

Amma hasarar da ke ɓoye ta fi girma. Matar da ke da 'yan kunnen gwal tana da mafita ranar da haihuwa ta zo da gardama aka ce a wuce asibitin birni, ko ranar da aure ya mutu, ko mai gida ya rasu. Za ta kai wa mai gwal, ya goga a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, ya ƙirga mata kuɗi nan take, sau da yawa fiye da yadda aka saya. Sarƙar GL kuwa ranar da aka saye ta darajarta ke ƙarewa. Zafin bazara ɗaya da gumi da turare sun isa su wanke ruwan gwal ɗin, ta bar baƙi ko kore a wuya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai kuma batun lafiya: yawancin masu arahar na ɗauke da ƙarfen nikel, wanda ke sa wa mata da dama ƙaiƙayi da ƙuraje a hudar kunne, a wasu ma akan sami dalma, mai illa ga jaririn da ke kai komai baki.

Illa ta gaba ita ce yaudara. Akwai masu saye da kuɗin gwal a ba su na wanki, akwai kuma dangin ango da ke sa GL a lefe su ce gwal ne. Ranar da buƙata ta kai amarya gaban sikeli, asiri ya tonu, amana ta rushe tsakanin gidaje biyu. Hatimi yana taimakawa: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, a azurfa kuwa 925. Amma hatimin ma ana buga na jabu, don haka gwaji a gaban mai saye shi ne hujja.

Abin da ya fi ciwo shi ne halin da maƙeranmu ke ciki. Tarihin Kano ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka tashi daga Gaya, su ne suka zauna a gindin Dala saboda tama. Maƙeran fari sun daɗe suna narka tsofaffin kuɗaɗen azurfa suna ƙera munduwa da awarwaro da zobba. Yau kayan waje sun kusa rufe musu kasuwa, abin da ya rage musu galibi zoben azurfa ne na maza, waɗanda shari'a ta hana wa gwal. Alhali azurfa ita ce madadin da ya fi dacewa da mu: ta fi gwal sauƙi nesa ba kusa ba, ana iya narka ta a sake ƙira, kuma tana da kuɗi ranar sayarwa.

Barin gwal ba laifi ba ne, tilas ce ta kawo shi. Laifin shi ne a bar amarya da ƙyalli ba tare da abin dogaro ba. Iyaye da waliyyai a Gaya da Ajingi, a faɗi gaskiyar abin da ke cikin akwati. A rage turamen da za su kwanta a sif, a saya wa yarinya giram ɗaya na gwal na gaske, ko azurfa daga hannun maƙerinmu, ko tunkiya mai ciki da za ta zama tata ita kaɗai. A kuma damƙa mata sadakinta a hannu, domin haƙƙinta ne.