Idan yaro ya shiga hannun hukuma: Su wane ne ke bai wa gwamnatin jiha shawara?

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, an gurfanar da wasu yara a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin shiga zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar. Sun shafe kusan wata uku a tsare, wasunsu kuma suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Hotunan sun girgiza iyaye, amma tambayar da ta rage ita ce: ina waɗanda doka ta ɗora wa alhakin sa ido kan yadda ake mu'amala da yaran da ake zargi da laifi?

Akwai su a rubuce, sai dai iyaye ƙalilan ne suka san da zamansu.

Abin da doka ta tanada

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Dokar ta fara aiki a Babban Birnin Tarayya, jihohi kuma kowace sai ta amince da tata. Jihar Legas ta yi tata a 2007, Kano kuma sai a 2023.

A ƙarƙashin dokar, ba a bin tsarin shari'ar manya wajen hukunta yaro. Da zarar an kama shi, wajibi ne a sanar da iyayensa ko mai riƙonsa nan take. Tsare shi kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan taƙaitaccen lokaci. An hana yanke masa hukuncin kisa, ko bulala, ko ɗauri a gidan yarin manya. An kuma hana wallafa abin da zai sa a gane shi. Idan laifin ba babba ba ne, 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suna da ikon kashe maganar ba tare da an je kotu ba, ta hanyar sulhu, ko biyan abin da aka ɓata, ko sa yaron ƙarƙashin kulawa.

Idan kuwa sai an je kotu, to Kotun Iyali ce. A matakin majistare, alƙali ba ya zama shi kaɗai. Mutum biyu ne ke zama tare da shi, aƙalla ɗaya mace, domin a samu wanda ya san halayyar yara.

Kwamitin da ke bayan fage

Dokar ta kuma tanadi kwamitin aiwatar da haƙƙin yara a matakai uku: tarayya, jiha da ƙaramar hukuma. A kwamitin jiha akan samu wakilan ma'aikatun mata, ilimi, lafiya da shari'a, da 'yan sanda, da hukumar gidajen gyaran hali, da ƙungiyoyi masu zaman kansu.

Kwamitin ba ya yanke hukunci, ba ya kuma ba da beli. Aikinsa shi ne bibiyar yadda ake aiwatar da dokar, tattara bayanai, wayar da kan jama'a, da ba gwamnati shawara kan abin da ya kamata a gyara. Wato idan ana haɗa yara da manya a ɗaki ɗaya a ofishin 'yan sanda, ko gidan ajiye yara ya cika maƙil, wannan kwamitin ne ya kamata ya fara ɗaga murya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da ta daɗe tana dogaro da gidajen horar da matasa na tarayya guda uku, a Kaduna, Ilori da Abeokuta.

Yadda Amurka ta zaɓi nata mambobin

A Amurka, wata doka ta 1974 ta ce duk jihar da ke son tallafin tarayya kan shari'ar yara sai ta kafa kwamitin ba da shawara. Gwamna ne ke naɗa mambobin, daga mutum 15 zuwa 33. Abin lura shi ne irin mutanen da dokar ta dage a saka. Mafi yawansu, har da shugaban, ba za su kasance cikakkun ma'aikatan gwamnati ba. Bayan gyaran 2018, kashi ɗaya cikin biyar sai sun kasance 'yan ƙasa da shekara 28 lokacin naɗa su. Sannan aƙalla mutum uku su kasance waɗanda su kansu suka taɓa shiga hannun hukuma suna yara, ko kuma iyayen irin waɗannan yara idan hakan ya gagara.

Hikimar a fili take: mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda ya taɓa kwana a tsare yana da shekara 14 zai faɗi abin da babban sakatare ba zai gani a cikin fayil ba. Kuma akwai cizo a dokar, domin jihar da ta karya ɗaya daga cikin manyan sharuɗɗa huɗu, kamar raba yara da manyan fursunoni, ana zaftare kashi 20 cikin 100 na tallafinta.

Me ya haɗa wannan da lafiya?

Likitoci sun tabbatar cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Shi ya sa matashi ke saurin bin abokai, shi ya sa kuma yake saurin gyaruwa idan ya samu mai kama hannunsa. Cunkoson wurin tsarewa na yaɗa tarin fuka da ƙazuwa, ga yunwa da firgici, ga kuma zama da manya waɗanda za su iya cin zarafinsa ko koya masa abin da bai sani ba. Yaron da ya shiga kan satar waya yana iya fitowa da ciwo da ɗabi'ar da suka fi laifin muni.

Ina muryar Hausawan kudu?

Ga iyalan da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Sabon Ibadan, akwai ƙarin ƙalubale. Yaro mai talla ko mai jari-bola da ba ya jin Turanci ko Yarabanci sosai, kuma ba shi da takardar haihuwa, cikin sauƙi ake rubuta shi a matsayin babba. Daga nan duk kariyar da doka ta ba shi ta tafi. Idan babu mai jin harshensa ko sanin rayuwarsa a kwamitin jiha, da wuya matsalarsa ta kai teburin gwamna. Sarakunan Hausawa, limamai da ƙungiyoyin mata na da damar zuwa ma'aikatar da ke kula da yara su tambayi su wane ne mambobin, yaushe suka yi zama na ƙarshe, kuma ta wace ƙofa ake kai musu koke.

Abin da iyaye za su riƙe

Ku karɓar wa kowane yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku adana kwafi. Idan an kama yaro, ku je da takardar nan take, ku nemi a rubuta shekarunsa daidai. Ku roƙi kada a ɗauki bayaninsa sai da ku ko lauya. Idan ba ya jin harshen da ake magana da shi a kotu, Kundin Tsarin Mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ku kuma tambaya ko maganar za ta iya ƙarewa da sulhu kafin ta kai kotu.