Ƙarkon Kayan Aiki: Misali Daga Tsofaffin Wayoyin Hannu

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce abu yana da ƙarko, yana nufin ana daɗewa ana moron sa bai lalace ba. Ƙarko ya bambanta da ƙwari, domin ana iya gane ƙwarin abu tun a kasuwa, amma ƙarko sai lokaci ya tabbatar da shi. Wannan darasi zai bayyana abubuwan da ke kawo ƙarko, ta hanyar nazarin tsofaffin wayoyin hannu.

Wayoyin da Suka Yi Suna

A shekarar 2000 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fitar da waya ƙirar 3310, wadda aka sayar da kimanin miliyan 126 a duniya. A 2003 kuma ya fitar da ƙirar 1100, wadda cinikinta ya kai wajen miliyan 250. An ƙera ta musamman domin ƙasashe masu tasowa, aka rufe madannanta don kada ƙura ta shiga, aka kuma sanya mata tocila. Fitowar waɗannan wayoyi ta zo daidai da shigowar wayar salula Nijeriya a 2001. Har Hausawa suka laƙaba wa ƙananan wayoyi masu tocila sunan “raka-ni-kashi”, wanda ke nuna yadda harshe ke ƙirƙirar suna daga amfanin abu.

Dalilan Ƙarkonsu

Na farko shi ne tsarin ƙira. Injin wayar yana cikin murfi biyu na roba, gaba da baya. Idan ta faɗi, murafan kan ɓalle, batir ya yi tsalle, ƙarfin bugun ya watse kafin ya isa ga injin. Na biyu shi ne ƙanƙantar fuska. Wayoyin zamani kusan duk gabansu gilashi ne, don haka wurin fashewa ya yi yawa. Na uku kuwa shi ne sauƙin gyara. Kowane batir yana raunana bayan an yi ta cajin sa, amma a tsohuwar waya mai ita kan cire ya sa sabo da hannunsa. A yawancin wayoyin yau an manne batirin a ciki, sai mai gyara. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ke neman a riƙa ƙera na'urori yadda mai amfani zai iya sauya batir, daga 2027.

Iyakar Ƙarko

Sai dai ƙarfin jiki kaɗai bai wadatar ba. A 2017 ƙasar Singafo ta rufe layin sadarwa na 2G, sai wayoyin da suka dogara da shi suka daina kira, alhali lafiyarsu lau. Akwai kuma lokacin da masana'antu ke rage ƙarko da gangan. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki suka haɗa baki suka ƙayyade rayuwar ƙwai zuwa awa 1,000 domin ciniki ya ƙaru.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙarko ya rataya ne a kan ingancin ƙira, da samuwar kayan gyara, da kuma ci gaba da dacewa da zamani. Wannan ma'auni ya shafi sauran kaya kamar jakar kwamfuta, wadda zif da ɗinkin madauri ne ke fara mutuwa a jikinta. Malami mai ƙaramin albashi ya kamata ya tambayi shekarun da abu zai yi kafin ya tambayi kuɗinsa, domin araha ba ta ado.

Auna Fahimta

1. Bambanta ma'anar ƙarko da ƙwari tare da misalai.
2. Kawo dalilai uku da suka sa tsofaffin wayoyi suka yi ƙarko.