Takalman Terrace

Takalman terrace wani rukuni ne na takalman kambas marasa nauyi, masu siririn tafi na danƙo, waɗanda galibi ake yin samansu da fata mai laushi. Sun samo sunansu daga kalmar da Turawan Ingila ke kiran matakalan da 'yan kallo ke tsayawa a kai a filayen ƙwallon ƙafa. An ƙera su ne tun farko domin wasanni, amma magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo na Birtaniya suka mayar da su kayan ado. Fitattu daga cikinsu su ne Samba, Gazelle da Handball Spezial na kamfanin Adidas.

Asali

Adidas, wanda Adi Dassler ya kafa a garin Herzogenaurach na Jamus a 1949, ya fitar da Samba wajajen 1950 domin 'yan ƙwallo su iya atisaye a filin da ƙanƙara ta daskarar ba tare da santsi ya kwashe su ba. Daga baya aka sauya fasalinsa ya dace da wasan cikin ɗaki. Gazelle ya fito a shekarun 1960 a matsayin takalmin motsa jiki, shi kuma Handball Spezial an yi shi a 1979 domin 'yan ƙwallon hannu.

Magoya baya da salon casuals

A ƙarshen shekarun 1970 wani salon sutura ya ɓulla tsakanin matasan birnin Liverpool, wanda daga baya aka sanya wa suna casuals. A lokacin ƙungiyar Liverpool na tashe a nahiyar Turai, ta ci Kofin Turai a 1977 da 1978 da 1981. Magoya bayan da ke bin ta Italiya, Faransa da Jamus sukan dawo da riguna na Lacoste, Fila da Sergio Tacchini, da kuma takalman Adidas da ba a samu a shagunan Ingila. Darajar takalmi a wurinsu ita ce ƙarancinsa: wanda ya sanya abin da babu mai irinsa, shi ne gwani. Takalman da aka raɗa wa sunayen birane, kamar Hamburg, Stockholm da Dublin, sun shiga cikin waɗanda ake rububi.

Salon ya bazu zuwa Manchester, Landan da Scotland. Yana da alaƙa da rikicin filayen wasa na wancan zamani, domin wasu gungun masu tayar da fitina sun daina sanya launin ƙungiyarsu, suna shiga kaya masu tsada don kada 'yan sanda su gane su. Sai dai da yawa daga masu bin salon ado kawai ya dame su.

Bayan iftila'in Hillsborough na 1989, rahoton Taylor ya sa aka cire wuraren tsayuwa a manyan filayen Ingila, aka sanya kujeru. Matakalan sun tafi, amma sunan ya zauna a kan takalman. A shekarun 1990 mawaƙa irin su Oasis sun ƙara yaɗa salon.

Dawowarsu kasuwa

A 2014 Adidas ya ƙaddamar da jerin Spezial tare da Gary Aspden, inda ake sake fito da tsofaffin samfura. A ƙarshen shekarun 2010 manyan takalma masu kaurin tafi ne ke tashe, sai kasuwa ta juya ga sirara. Haɗin gwiwar Adidas da mai zanen tufafi Grace Wales Bonner tun daga 2020, da yayin sanya tsofaffin rigunan ƙwallo da ya bazu a TikTok, sun taimaka wajen dawo da Samba. A 2023 kamfanin Lyst ya ayyana shi takalmin shekara. Wasu kamfanoni ma sun farfaɗo da nasu, kamar Puma Palermo.

Muhawara

Wasu tsofaffin magoya baya na ganin yawaitar takalman ta kashe abin da ya ba su daraja tun farko, wato ƙarancinsu. A Afrilun 2024, Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya bayyana a wata hira sanye da farin Samba. An yi masa ca a kafafen sada zumunta cewa ya kashe yayin takalmin, har ya nemi afuwar masoyansa cikin raha a gidan rediyon LBC.