Kafin A Sayi Fili, A Ga Damina Tukuna

A ikilisiyoyinmu na ƙasar Bichi, Ɗambatta, Kunchi da Tsanyawa mun saba da ganin iyali sun miƙe ran Lahadi ana yi musu addu'ar sallama, domin za su koma Kano ko wani babban gari na kusa. Abin da ke damunmu shi ne, da yawa cikinsu gonar gado suke sayarwa su sayi filin da za su gina gida, kuma sau ɗaya tak suka ga filin, shi ma da rani, dillali na tsaye a kansu.

Dalilin tashin ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarun 1960 wani masanin ƙasa mai suna Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna cewa gona na manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ne kawai ke riƙe da ita. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9. Gandun da ya ciyar da gida guda a zamanin kakanni an raba shi an sake rabawa, har rabon wani bai fi gayauna ba. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da suka taɓa wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a 2025 sun sa wasu sun fara tunanin matsawa kusa da gari. Ba mu ga laifin mai tashi ba. Shawararmu guda ce: a kama haya a unguwar da ake so, a yi bazara ɗaya da damina ɗaya a cikinta, sa'an nan a fitar da kuɗi.

Abin da rani ke ɓoyewa

A watan Janairu kowane fili kyakkyawa ne. Sai Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, ake sanin inda tsohuwar kududdufi take da inda ruwan unguwa ke bi. Filaye da yawa a bakin gari ramukan ɗibar ƙasa ne da aka cike da shara, kuma ginin da aka ɗora a kansu bai cika daɗewa bai tsage ba. A dubi gindin katangun maƙwabta, domin ruwa yakan bar shaidar inda ya kai. A kuma tambayi tsofaffin wurin ko me ake yi a filin shekara ashirin da suka wuce.

Bazara kuma ita ke faɗin gaskiyar rijiya. Idan a watan Afrilu guga na dawowa da laka, to a lissafa kuɗin 'yan ga-ruwa na kowace rana a ɗora a kan kuɗin filin. Masu duban gefen Ungogo da Minjibir su lura da Kogin Jakara, wanda ke kwashe dattin birni, ya haɗu da ruwan masana'antun Bompai ta rafin Getsi, ya gangara madatsar Wasai. Fili a bakinsa yakan yi araha, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Takarda da shaidu

Bisa Dokar Filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni shi ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe fili bisa al'ada. Amma filayen da talaka ke iya saye a bakin Kano galibi awon igiya ne, wato gonar da mai ita ya yayyanka ya sayar ba tare da tsarin hukuma ba. Ba duk awon igiya ne ke da rikici ba, sai dai lungunansa ƙanana ne, sau da yawa ba a bar wa magudanar ruwa ko makaranta wuri ba, kuma ranar da hanya ta zo ana iya bi ta kan ɗakin mutum.

Saboda haka kafin a biya, a je ofishin filaye na KANGIS da hukumar tsara birane ta KNUPDA a tambaya ko an ware wurin domin wani aikin gwamnati. Titin Kano zuwa Katsina da aka faɗaɗa, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya bi ta Ɗambatta da Kazaure, duk ta cikin gonaki da filayen mutane suka ratsa. Doka ta ba gwamnati ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Rusau da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a wurare irin su Filin Idi da Salanta, ya nuna cewa ko mai riƙe da takarda yana bukatar sanin asalin filinsa.

Idan gonar gado ce aka yanka, a tabbata duk magada sun yarda, har da mata, domin ƙanwar da ke aure a wani gari tana iya zuwa bayan shekara biyar ta nemi haƙƙinta a kotu. A yi ciniki a gaban mai unguwa da dagaci, a kira maƙwabtan kusurwa huɗu su nuna iyaka, a rubuta har la'adar dillali. Wannan ba rashin yarda ba ne. A Irmiya sura 32, da annabin ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan'uwansa na jini, sai da ya auna azurfa a gaban shaidu, aka sa hannu a takarda, aka adana ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe.

Maƙwabci kafin gida

Wanda ya fito daga ƙauye yakan fara tunanin Sabon Gari, unguwar da aka kafa wa baƙi bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin nan majami'u suka fi yawa, nan kuma Asibitin Ido na ECWA yake. Sai dai wurin ya cika, kuɗin gona guda ba ya sayen gida a can. Don haka akan duba Badawa, Brigade, Jaba ko gefen Dawanau, wasu kuma su tsaya a Bichi ko Ɗambatta, inda akwai babban asibiti da kasuwa, ga kuma gona kusa.

Ba za mu ɓoye ba, rikicin Oktoban 1991 da na Mayun 2004 sun bar tabo, kuma mai iyali yana da dalilin tambayar yadda unguwa ta kasance a waɗannan ranaku. Amma a tuna, akwai waɗanda suka tsira domin maƙwabtansu Musulmi sun ɓoye su a cikin ɗakunansu. Irin wannan maƙwabci ba a gane shi a yini ɗaya. Zaman haya ne zai nuna ko ana gaisawa, ko ana zuwa suna da gaisuwar mutuwa, ko mai unguwa na sauraron ƙaramin mutum. Mu ma Hausawa ne, harshe ɗaya da tuwo ɗaya, don haka kada mu shiga unguwa mu rufe ƙofa mu ce ba a karɓe mu ba.

A kuma auna nisa da ƙafa da aljihu. Nawa ne kuɗin Adaidaita Sahu na mutum shida zuwa sujada da dawowa, sau hamsin da biyu a shekara? Yarinya za ta iya zuwa makaranta ita kaɗai? Idan naƙuda ta tashi da tsakar dare cikin Agusta, mota za ta shiga lungun? Akwai kuma tambayar da ba a son yi: idan an yi rashi, ina makabarta? Maigida ya tafi da uwargida ta ga wurin da idonta, gama ita za ta yini a can, ita ta san wahalar ruwa da itace.

Kada a yanke igiyar gida

Daga ƙarshe, muna roƙon 'yan'uwa kada su sayar da gona duka. A ba ɗan'uwa aro ko haya, ko a yi kashe-mu-raba, ta yadda buhun gero da na wake za su riƙa zuwa gari da kaka. Wanda ya sayar da gonarsa a wannan ƙasa tamu mai cunkoso da wuya ya sake samun kamarta, ko da ya dawo da kuɗi a hannu. Dattawan ikilisiya kuma su riƙa ba mai tashi wasiƙa zuwa ga ikilisiyar da zai tarar, domin a sami wanda ya san gari ya raka shi wurin mai unguwa da ofishin filaye. Kuɗin hayar shekara guda yana da zafi, amma bai kai zafin tsayawa a kan filin da ruwa ya cinye ba, alhali gonar uba ta riga ta zama ta wani. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.